Ladan Kuturu: Ƴan Kokowa da Masu Lemun Gwangwani

Idan aka ɗaure damman gero, rumbuna suka ɗan ji nauyi, samarin ƙasar Galma Kudawace, cikin gundumar Madawa, sukan share fage su gayyato na ƙauyukan makwabta a yi kokowa, kamar yadda aka gada tun kaka da kakanni. A irin wannan taro ne, kakar da ta wuce, na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani ɗan kokowa da yara ke ji da shi, wanda in ya yi kirari har tsofaffi sukan gyara zama, ya shigo fage sanye da riga mai hoton gwangwanin lemun nan da ake cewa yana ƙara kuzari. Kafin ya tuɓe sai ya ɗaga gwangwani sama yadda kowa zai gani, ya fasa, ya kwankwaɗe, ya jefar. Yara suka yi wawar gwangwanin da babu kome a cikinsa. Daga baya na ji cewa wani dillali mai kawo kaya daga bakin iyaka ne ya ba shi rigar, da katan ɗaya, da ƴan jikkuna, bisa sharaɗin ya yi haka. Kwana uku bayan nan, a makarantar da nake koyarwa, na tarar da yara uku ƴan aji shida sun haɗa kuɗin karin kumallonsu sun sayi gwangwani ɗaya suna kurɓa bi da bi, wai don da maraice akwai kokowar yara a bayan gari.

Ba zan ambaci sunan ɗan kokowar ba, ballantana na dillalin, domin lamarin ya fi ƙarfin mutum biyu. Abin da nake so in tsaya a kansa, ya ku malamai ƴan'uwana da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, shi ne wannan: duk ɗan wasan da ya karɓi kuɗi ya nuna wa yara cewa daga gwangwani yake samun ƙarfinsa, ya yi shaidar zur, kuma ya jinginar da sunan da ba shi kaɗai ya gina shi ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. To, askin da ake nema a nan, a kan ƴaƴanmu ake yin sa.

Bari mu fara da buɗe gwangwanin. Ƙaramin gwangwanin Red Bull, wanda shi ne uban tafiyar wannan sana'a a duniya, yana ɗaukar mililita 250. A cikinsa akwai sinadarin kafeyin miligiram 80, da sukari wajen giram 27, wato kimanin ƙwaya biyar zuwa shida na sukarin kwali. Sauran ire-irensa da suka cika tebura da firjin kantunanmu tafarki guda suke bi, wasu ma a manyan robobi ake sayar da su, masu kusan ninkin wannan awo. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, ta kuma ƙara da cewa in an tsaya a giram 25 ya fi alheri. Ke nan ƙaramin gwangwani ɗaya ya riga ya haye wannan awo na biyu. A wannan shekara dai, hukumar Tarayyar Turai mai kula da ingancin abinci ta ce kafeyin ɗin da ba a jin tsoronsa ga yaro shi ne miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Duk malamin lissafi zai iya bugawa a allo: yaro mai kilo 25, iyakarsa miligiram 75 ke nan, gwangwani kuwa 80 ne. Yau yara uku ne ke raba ɗaya don aljihu bai kai ba; ranar da ya kai, kowa nasa zai sha.

To, mene ne aikin kafeyin a jiki? Gajiya manzo ce da jiki ke aikawa ga ƙwaƙwalwa, ta ce mata a huta, a ci abinci, a sha ruwa, a yi barci. Kafeyin yana tare wannan manzo a ƙofa na ƴan awoyi, sai mutum ya daina jin gajiyar alhali tana nan inda take. Duk wanda ya taɓa kora jaki daga Galma zuwa kasuwar Madawa ya san bulala tana sa jaki sauri, ya kuma san ba ta maye gurbin harawa. Zuciya ta ƙara bugawa, barcin dare ya ƙaurace, safiya ta yi yaro ya zo aji yana gyangyaɗi, sai ya nemi wani gwangwanin. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba, bincike ya nuna kafeyin kan ɗan taimaka wa baligin ɗan wasa wajen juriya, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ma ta cire shi daga jerin haramtattun abubuwa tun 2004. Amma wannan magana ce ta ƙato mai cikakken jiki, mai likita a gefe, mai awo a hannu. Ina ruwanta da yaron da ya bar gida da ɗan koko a ciki, a ƙasar da zafin bazara ke haye awo 40? Likitocin yara na Amurka, ta bakin babbar ƙungiyarsu, sun faɗa tun 2011 cewa irin wannan abin sha ba shi da gurbi a cimar yara da matasa.

Masu wannan sana'a sun san duk abin da na zana a sama, sun ma fi ni saninsa. Shi ya sa ba sa tallar kayansu da lissafin sukari. Da jikin ɗan wasa suke talla, kuma dabarar tsohuwa ce. Asalin Red Bull daga ƙasar Tailan yake, inda wani ɗan kasuwa, Chaleo Yoovidhya, ya fito da wani abin sha mai suna Krating Daeng cikin shekarun 1970. Leburori da direbobin manyan motoci ne masu shansa, hanyar da aka bi kuwa aka shiga zukatansu ita ce ɗaukar nauyin damben gargajiyar ƙasar, aka riƙa kafa tambarin jajayen bijimai biyu a fagen damben. Ku lura da kyau: wasan gargajiya na talakawa aka hau, aka sayar wa talakawa masu aikin ƙarfi. Wani mutumin Ostiriya, Dietrich Mateschitz, ya ɗanɗana, ya haɗa jari da mai shi, ya gyara ɗanɗanon ya dace da bakin Turawa, ya fitar da shi kasuwa a 1987. A shekarar 2023 kamfanin ya sayar da gwangwani sama da biliyan 12.

Da kuɗi suka taru, sai aka wuce hayar ƴan wasa aka koma sayen ƙungiyoyin ɗungurungum. A 2005 kamfanin ya sayi ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta birnin Salzburg, ya canza mata suna da launin riga, har wasu magoya bayanta suka fusata suka fice suka sake kafa tasu da tsohon suna. A 2009 ya kafa wata a Leipzig ta ƙasar Jamus. A 2008 ya buɗe makarantar horar da yara ƙwallo a Sogakope ta ƙasar Gana, ya kuma janye a 2014. Sadio Mane na Senegal, wanda babu ƙauyen da ba a san sunansa ba, ya yi shekara biyu, daga 2012 zuwa 2014, yana buga wa Salzburg da bijiman nan a ƙirjinsa. Tun 2017 kuma ɗaya daga kofunan ƙwallon Ingila ya ɗauki sunan Carabao, wani lemun kuzari na Tailan. Yaranmu da ke cika gidajen kallon ƙwallo a Madawa da Buza da Keita suna kiran sunan kofin a kullum, ba tare da sanin talla suke yi wa wani kyauta ba. Abin da na gani a fagen Galma ƙaramin ɗan wannan babbar dabara ne, ya iso mana a kan babur.

Yanzu mu dawo gida mu tambayi kanmu: sunan ɗan kokowa, na wane ne? A jiharmu ta Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, zamanin Seyni Kunce, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Daga nan aka yi su Salma Ɗan Rani na Doso da Langa-Langa na Damagaram, waɗanda a yau filayen kokowa ke ɗauke da sunayensu, har zuwa Isaka Isaka da ya ɗaga takobi sau shida. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama. Kowanensu akwai uwar da ta daka masa fura, da makiyayin da ya tatso nono, da gonar da ta ƙarfafa masa damtse tun yana riƙe da ƙaramar hauya, da tsohon ɗan kokowar da ya koya masa kamu da shiga ƙafa, da sa'o'in da ya kayar suka tashi suka kakkaɓe ƙasa ba su riƙe shi a zuci ba, da makaɗin da ya kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taka ba, da talakan da ya cire dala ashirin ɗinsa ta ƙarshe ya manna masa a goshi. Suna irin wannan gandu ne, hannu da yawa suka nome shi. Idan yaro ya ga gwaninsa ya yarda da abin da ya nuna masa, jama'ar da ta ɗaga gwanin ce ta sa ya yarda. Wannan yarda ita ce hajar da dillali ke saye, kuma amana ce a hannun ɗan wasa.

Ƙasar nan tamu ba baƙuwar ƙarfi ba ce da za a zo a koya mata inda ake samunsa. Matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka tun daga 1984, lokacin babban aikin farfaɗo da ƙasa, suka jera su a kan tuddan Adar har fako ya sake fitar da itace, da fura da tuwo suka yi shi. Masu noman albasa a kwarin Tarka, waɗanda ke ban ruwa tun kafin rana ta fito, haka nan. Amma mun kuma san wata cuta da ta shigo cikin matasanmu masu aikin ƙarfi da masu tafiya cin rani, wato ƙwayar tiramol, wadda wasu ke jefawa cikin kofi ko cikin irin wannan lemu don su yi aikin mutum biyu. Ba na cewa duk mai shan gwangwani zai ƙare a ƙwaya. Abin da nake cewa shi ne aƙida ɗaya ce ke ɗauke da su duka biyun: wai ƙarfi abu ne da ake saye a tebur a haɗiye. Ɗan kokowar da ya ɗaga gwangwani a fage, wannan aƙida ya karantar, kuma ya fi ni iya karantarwa, domin ni alli nake riƙe da shi, shi kuwa ga damtse ana gani.

Na san abin da za a ce mini, kuma masu faɗa ba wawaye ba ne. Za a ce: Malam, kai kana da albashi, shi kuwa ɗan kokowa fa? Shekarun ƙarfinsa ƙididdigaggu ne, in ya karye babu mai biya masa magani, in ya tsufa sai a tuna da shi ranar jana'iza. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kunyarta kuma a kanmu take. Ba na kiran a kori masu ɗaukar nauyi daga fage. Kokowa tana bukatar kuɗi, kamfanonin waya ma sun daɗe suna kafa tutocinsu a filayenmu. Sai dai akwai bambanci. Mai siminti ko mai shinkafa ko mai layin waya, in ya sa sunansa a rigar ɗan wasa, abin da yake faɗa shi ne: ina tare da wannan gwani. Mai lemun kuzari kuwa cewa yake: ni ne sirrin wannan gwani. Ta farko magana ce da za a iya tabbatarwa, ta biyu ƙarya ce, kuma ɗan wasan ya fi kowa sanin ƙarya ce. A Amurka ma an kai kamfanin Red Bull ƙara a kan alkawuran tallarsa, ya yarda a 2014 ya biya dalar Amurka miliyan 13 a kashe maganar, ko da yake bai amsa laifi ba. Sa'annan ku dubi cinikin kansa: riga ɗaya, katan ɗaya, ƴan jikkuna, a kan sunan da aka yi shekara goma ana ginawa. Ko a kasuwar dabbobi ba a yi wa mutum irin wannan tayi ya tsaya saurare.

Za a kuma ce: goro fa, da shayin da muke kwana muna dafawa a bakin titi, ba kafeyin ba ne a cikinsu? Shi ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma sukarin da muke zubawa a butar shayi abin a zauna a duba ne. Amma goro yana da ɗaci, yaro ba ya marmarinsa, al'ada kuma ta ajiye shi a aljihun manya. Ba a taɓa ɗaukar hayar wani gwani ya tsaya gaban yara ya ce goro ne ya sa ya kayar da abokin karawarsa ba. Lemun gwangwani kuwa an yi shi da zaƙi da sanyi da launi mai ɗaukar ido, duk abin da bakin yaro da idonsa ke so.

Wani zai ce ai tun fil azal attajirai da sarakai ke yi wa ƴan kokowa kyautar doki da riga da kuɗi, makaɗa su wasa su, to mene ne sabo? Sabon shi ne, attajirin da ya yi kari a fage yabo yake saye wa kansa, a bainar jama'a, kowa ya ga abin da ya bayar, kowa ya san dalilin kirarin. Ba ya neman ɗan kowa ya haɗiyi wani abu. Kyautarsa a fage take ƙarewa, ta dillali kuwa sai ta bi yara har cikin aji.

Kada kuma a ce mini ɗan wasa ba shi da ikon cewa a'a. Frederic Kanoute, ɗan ƙwallon Mali, wanda ya zama gwarzon Afirka a 2007, ya rufe tambarin wani kamfanin caca da ke kan rigarsa ta Sevilla a 2006, don imaninsa bai yarda da caca ba. Papiss Cisse na Senegal ya ƙi sa rigar Newcastle a 2013 saboda sunan kamfanin ba da bashi da ruwa da ke jikinta. Daga baya aka daidaita ya sa, abin da ke nuna mana cewa mutum ɗaya, komai ƙarfin zuciyarsa, yana wuya ya daɗe a tsaye in babu jama'a a bayansa. A watan Yunin 2021, Cristiano Ronaldo ya zauna gaban ƴan jarida a gasar ƙasashen Turai, ya kawar da kwalaben Coca-Cola biyu daga gabansa, ya ɗaga gorar ruwa. Duniya duka ta gani. Na san waɗannan masu kuɗi ne, cewa a'a ba ta hana su cin tuwon dare. Shi ya sa nauyin namu ƴan wasan ya kamata ya hau kan jama'a da hukuma, kada a bar shi a wuyan saurayi ɗaya mai neman kuɗin aure.

Hanyar ma ba sabuwa ba ce. An yi zamanin da kamfanonin taba ke ɗaukar nauyin tseren motoci da wasanni iri-iri a duniya, ana cewa in sun tafi wasa zai mutu. Ƙasarmu Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba a 2006, wadda ta hana tallarta da ɗaukar nauyin taruka da sunanta, kokowa kuwa ba ta mutu ba. A kan lemun kuzari kansa, Lituwaniya ta hana sayar da shi ga wanda bai kai shekara 18 ba tun 2014, Latbiya ta bi sahu a 2016, Polan a 2024. Waɗannan ƙasashe suna da likitoci da asibitoci fiye da mu nesa ba kusa ba, duk da haka suka ga rigakafi ya fi magani. Mu da mai ciwon sukari ko ciwon zuciya a ƙauye sai ya sayar da akuya kafin ya ga likita, me muke jira?

Ga abin da nake roƙo. Ku malamai, kada ku tsaya ga tsawa da ƙwace gwangwani, domin abin da aka hana yaro ba tare da hujja ba daɗi yake ƙara masa. Ku kawo gwangwanin aji, ku sa yara su karanta abin da aka rubuta a jikinsa, ku jera ƙwayoyin sukari a kan tebur daidai da awon da ke ciki, ku sa su lissafa kuɗin gwangwani ɗaya a kullum har wata guda, su gwada da tiyar gero da ƙwaryar nono nawa zai saya. Ku ƙungiyoyin al'adu da masu shirya kokowar kaka, ku rubuta a ƙa'idarku cewa duk wasan da yara ke shiga ko suke kallo a filin makaranta, ba a kafa tutar lemun kuzari a cikinsa. Kuma tun da mun yarda talauci ne ƙofar da dillali ke shigowa, mu toshe ta: kowane gari ya kafa asusun ƴan kokowarsa, manomi ya ba da dami, mai albasa ya ba da buhu, ƴan cin rani su aiko da abin da ya sawwaƙa, don maganin wanda ya ji rauni da guzurin wanda zai wakilci gari. Hukumar kokowa ta ƙasa kuma ta fitar da ƙa'ida a rubuce game da irin hajar da ɗan kokowa zai iya ɗora sunansa a kai, tun kafin manyan kamfanoni su zo da kuɗin da zai yi wuyar mayarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kai kuma ɗan kokowa, ƙanena, ba da ƙiyayya na rubuta wannan ba. Ina cikin masu tashi tsaye in ka yi kaye. Ka san wadda ta dama maka furar da ka sha da safen ranar. In za ka ɗaga wani abu sama a fage don yara su gani, ɗaga ƙwaryarta.

Yaran nan uku, da na tambaye su washegari yadda kokowar bayan gari ta kasance, sai suka sunkuyar da kai. Wani ɗan makiyayi ne da ba ya zuwa makaranta ya kayar da biyu daga cikinsu, na ukun kuma ciki ya murɗa masa bai ma shiga ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.